Tsohon teburin walda mai nauyi: me za a yanke, me za a ƙara, me za a ƙyale?

Tambaya: Wani bawan Allah daga Kaduna ya rubuto cewa ya sayi tsohon teburin walda a hannun wani kamfani da ya daina aiki. Saman teburin farantin ƙarfe ne mai faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8, kaurinsa milimita 12, tsayinsa daga ƙasa santimita 75. Ɗakin da zai yi aiki a gida mita 3 ne da mita 4, kuma ƙofarsa tana da faɗi. Yana so ya rage tsawon teburin, ya sa masa tayoyi don ya riƙa turo shi bakin ƙofa, ya ƙara masa tsayi, sannan ya huhhuda samansa kamar teburan da yake gani a bidiyo. Yana tambaya ta ina ya kamata ya fara.

Amsa: Malam, ina taya ka murna, domin duk wanda ya je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya taya sabon faranti mai wannan kauri zai san cewa ka yi sa'a. Abin da ka saya da kuɗinka abu biyu ne, wato nauyi da kuma shimfiɗaɗɗen sama. Nauyin ne ke hana teburin motsi idan kana duka ko kana lanƙwasa ƙarfe a kansa, shimfiɗar saman kuwa ita ce ke sa ƙofa ko taga ta fito a miƙe ba tare da murɗewa ba. Kowane ɗaya daga cikin gyare-gyare huɗun da ka lissafa yana iya lalata ɗaya daga cikin waɗannan biyun idan aka yi shi da garaje, saboda haka da su zan riƙa auna kowace shawara.

Ka fara da sanin nauyin abin da kake shirin taɓawa. Kowace murabba'in mita ta farantin ƙarfe tana da nauyin kilo 7.85 a kan kowace milimita ta kauri, wanda ke nufin faranti mai milimita 12 yana kai kilo 94 a murabba'in mita. Ƙafa 4 da ƙafa 8 daidai suke da mita 1.22 da mita 2.44, don haka samanka shi kaɗai ya kai kimanin kilo 280. Idan aka haɗa da ƙafafu da firam ɗin da ke ƙasa, ba zan yi mamaki ba idan teburin ya doshi kilo 400. Wannan ba kayan da za a kira samarin unguwa huɗu su cicciɓa ba ne, kuma ba a jingina irin wannan faranti a tsaye jikin bango a gidan da yara ke wasa, domin idan ya zame babu hannun da zai tare shi.

Kafin wuta ta taɓa shi, ka tabbatar da irin ƙarfen. Ka ɗan goga giranda a wani lungu da ba a gani, ko ka huda ƙaramin rami a ƙasan farantin. Ƙarfen walda na yau da kullum yana fitar da dogon tartsatsi mai haske, kuma idan ana huda shi yana fitar da dogon sassaƙe mai naɗewa. Ƙarfen zubi kuwa tartsatsinsa gajere ne mai jaja-jaja, sassaƙensa kuma gari ne mai launin toka. Kauri irin na naka ya fi kama da ƙarfen yau da kullum, amma idan har ya zama na zubi ne, to ka ajiye maganar yanka da walda a samansa gaba ɗaya, domin tsagewa zai yi. Haka kuma duk inda za ka yi walda a jikin firam ɗin ka goge tsohon fenti sai ƙarfe ya fito fari, kuma ka yi gugar a waje da abin rufe hanci, saboda tsofaffin fentin masana'antu sukan ƙunshi dalma.

Maganar yanka ita ce wadda na fi so ka yi wa dogon tunani, tunda abin da aka yanke ba ya komawa yadda yake. Amsar ta danganta da irin aikin da za ka riƙa yi. Ƙofar ɗaki ta ƙarfe da aka saba da ita a gidajenmu takan kai ƙafa 3 da ƙafa 7, kuma tebur mai ƙafa 8 yana ɗauke ta gaba ɗaya, kusurwoyinta huɗu duk suna kwance a kan faranti ɗaya, abin da masu walda da yawa da ke aiki a ƙasa bakin titi suke mafarkin samu. Idan ƙofofi da tagogi ne sana'arka, ni da ni ne ba zan yanke shi ba, gara in fitar da wani kaya daga ɗakin. Amma lissafin ɗakin ma yana da tasa hujja. Faɗin mita 3 zai bar maka kusan santimita 90 a kowane gefe, wanda ya isa mutum ya wuce ya kuma sunkuya. A tsawo kuwa mita 4 za ta rage maka mita 1.56 kacal, kuma a cikinta ne injin walda da kayan aiki da wurin tsayuwarka za su shiga. Idan gyare-gyaren gida ne da ƙananan ayyuka kamar kujeru da murhu da kanta, rage ƙafa 2 ya mai da teburin ƙafa 4 da ƙafa 6 zai sa ka numfasa, nauyin saman kuma ya sauko zuwa kimanin kilo 210. Faɗin dai kada ka taɓa shi.

In ka yanke shawarar yankawa, ka nisanci wutar gas idan da hali. Tana da sauri, amma zafin da take zubawa a bakin faranti yakan sa gefen ya lanƙwashe idan ya huce, ka wayi gari da tebur mai doro a ƙarshensa. Wanda ke da injin filasma, wato injin yankan ƙarfe da wutar lantarki da iska, zai yi maka yanka mai tsafta cikin ɗan lokaci. In babu, babbar giranda mai faifan milimita 230 za ta yi aikin, sai dai haƙuri. Ka duba adadin juyin da aka rubuta a jikin faifan, wanda ga wannan girman yakan kasance kusan 6,600 a minti, kada ka ɗora shi a injin da ya fi haka gudu, kuma kada ka cire murfin kariya ko da wani ya ce maka yana rage gani. Ka matse miƙaƙƙen angul, wato dogon ƙarfe mai kusurwa, a kan layin ya zama jagora, ka riƙa bin layin a hankali kana zurfafawa kaɗan-kaɗan, maimakon ka nutsar da faifan a wuri ɗaya. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne guntun da za a cire, wanda shi ma kilo 70 ne. Idan ba a tallafe shi daga ƙasa ba, yayin da yankan ya kusa ƙarewa zai sunkuya ya matse faifan, faifan ya tarwatse ko girandar ta yi tsalle. Guntun nan kada ka sayar da shi, ka yi masa ƙafafu ya zama ƙaramin teburin duka da yanka, ta yadda babban zai huta daga guduma.

Bayan yanka dole ƙafafu biyu su matso ciki, kuma a nan ne za ka gyara wani kuskure da tsofaffin tebura da yawa suke da shi, wato firam da ya zo daidai da bakin faranti. Ka bar farantin ya zarce firam ɗin da santimita 5 zuwa 8 a kowane gefe, domin a wannan leɓen ne kilam, wato abin da ake matse ƙarfe da shi a jikin tebur, zai kama idan kana matse aiki. Wajen sake haɗa firam da saman, kada ka zuba doguwar walda. Walda idan tana hucewa tsukewa take yi, ta ja ƙarfen da ke kewaye da ita. Na taɓa yin wannan kuskure ina sabon hannu, lokacin da na bi wani angul da walda tun daga farko har ƙarshe a ƙasan faranti, ina ganin ƙarfi nake ƙara masa, washegari na ɗora miƙaƙƙen ƙarfe na tarar farantin ya gantsare, kuma bai sake komawa daidai ba. Gajerun walda masu tsawon santimita 2 zuwa 3, da tazarar kamar santimita 30 a tsakaninsu, ana yi ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan ana barin ƙarfe ya huce, sun isa, tunda nauyin farantin ma ya riga ya danne shi. Sandar walda ta E6013 mai kaurin milimita 3.2, a wuta tsakanin amfiya 90 da 130, za ta wadatar a kan irin wannan firam.

Tayoyi da ƙarin tsayi kuwa matsala ɗaya ce, kuma magani ɗaya zai raba ka da su. Santimita 75 ya yi ƙasa ga mai aiki a tsaye, shi ya sa bayansa ke ciwo kafin azahar. Mafi yawan mutane suna jin daɗin tsayi tsakanin santimita 85 da 95, kuma hanya mai sauƙi ta gane naka ita ce ka tsaya a miƙe ka saki hannu, saman teburin ya zo wajen wuyan hannunka ko ya ɗan ɗara. Taya mai faɗin milimita 125 idan aka haɗa da mazauninta takan kai kusan santimita 16, wanda ke nufin da zarar ka ɗaura ta a ƙarƙashin ƙafa teburin ya kai santimita 91 ba tare da ka yi wa ƙafafun ƙari ba. Ka yi wa kowace ƙafa takalmi na faranti mai milimita 10, ka ɗaure tayar da bol da noti maimakon walda, domin zafin walda yana ƙone giris ɗin boris, kuma ranar da taya ta lalace za ka so ka kwance ta da sifana kawai.

Wajen sayen tayoyin, kada ka raba nauyin gida huɗu. Daɓen siminti ba ya taɓa zama lebur sosai, kuma sau da yawa tayoyi uku ne ke ɗauke da kayan yayin da ta huɗu ke lilo. Ka haɗa nauyin tebur da na aikin da za ka ɗora, ka raba gida uku. Idan teburin da aka rage ya kai kilo 330, aikin kuma kilo 200, kowace taya tana bukatar ɗaukar kusan kilo 180, ni kuwa zan sayi mai ɗaukar kilo 250 ko fiye, saboda abin da ake rubutawa a jikin kayan kasuwa ba kullum yake cika ba. Tayar roba mai laushi ba ta dace ba, domin tana lotsewa idan ta daɗe a ƙarƙashin nauyi, narkakken ƙarfe yana ƙona ta, guntayen sandar walda kuma suna shigewa cikinta. Tayar ƙarfe ta fi, muddin ƙasan siminti ne ba tayil ba. A ɗaki mai ƙunci irin naka huɗun duka su zama masu juyawa, in ba haka ba ba za ka iya matsar da shi gefe ba.

Sai dai tebur da ke tsaye a kan tayoyi ya rasa rabin amfanin nauyinsa, ko da tayoyin suna da birki, domin mazaunin da ke juyawa yana da ɗan wasa, kuma za ka ji shi duk lokacin da ka ja ƙarfe a bayis, wato abin da ke cije ƙarfe ya riƙe shi yayin aiki. Saboda haka a gefen kowace taya ka yi wa takalmin rami, ka yi waldar babban noti na M24, wato na bol mai kaurin milimita 24, a kansa, ka zura dogon bol wanda aka yi wa ƙasansa ɗan faranti mai faɗi. Idan ka turo teburin inda kake so, sai ka ɗaure bol ɗin huɗu su sauka ƙasa su ɗaga tayoyin da 'yan milimitoci, teburin ya koma kan ƙafafu masu ƙarfi, kuma da su ne za ka daidaita shi da ma'aunin lebur. Ka sa tayoyin da bol ɗin a can ƙarshen kusurwoyi, domin kusan duk nauyin wannan tebur a sama yake, kuma matso da ƙafafu ciki yana sa shi saurin kifewa. Game da turo shi bakin ƙofa, ka dubi ƙasan da kyau tukuna: dokin ƙofa mai tsayin santimita 2 ya isa ya tsayar da ƙaramar taya cak, kuma idan akwai gangara zuwa tsakar gida, kilo 330 da ya fara tafiya ba ya jin kira.

Yanzu sai shimfiɗar saman. Bayan teburin ya tsaya a kan bol ɗinsa, ka ja zare biyu daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, kowane bakin zare a kan ɗan ƙarfe mai kauri iri ɗaya. Idan zaren biyu sun taɓa juna a tsakiya da ƙyar, babu murɗewa. Idan akwai tazara, ko ɗaya yana danne ɗaya, to wata kusurwa ta fi sauran tsayi, kuma sau da yawa juya bol ɗin ƙafa kaɗai yana gyara wannan. Doro da kwari kuwa da miƙaƙƙen ƙarfe ake gane su, ana ɗora shi a tsaye da a kwance ana haska tocila ta baya, a zagaye wuraren da alli. Ga aikin ƙofa da taga da kayan gida, kuskuren milimita 1 a tsawon mita ba abin damuwa ba ne, kuma neman abin da ya fi haka a tsohon faranti ɓata lokaci ne. Inda ya wuce haka, ka sa ƙaƙƙarfan ƙarfe a gicciye a ƙarƙashin wurin, ka yi amfani da bol mai turawa sama a inda yake kwari, da bol mai jawowa ƙasa a inda yake doro, kana juyawa kaɗan kana sake aunawa. Akwai masu miƙar da faranti da harshen wuta, kuma aiki ne na gaske, amma na wanda ya daɗe yana yi ne. Abin da ba zan yarda ka yi ba shi ne ka bi doron da dutsen giranda, domin ramuka za ka bari a ko'ina. Tsatsa da tsofaffin ɗigon walda kawai za ka cire, da buroshin waya da faifan yashi, kana riƙe da shi a kwance.

Teburan da kake gani a bidiyo masu ramuka a jere, irin waɗanda kamfanonin Jamus kamar Siegmund da Demmeler suke ƙerawa, suna bin tsari sananne: rami mai milimita 16 da tazarar milimita 50, ko rami mai milimita 28 da tazarar milimita 100. Amurkawa kuma sukan yi rami mai kashi 5 cikin 8 na inci da tazarar inci 2. Amfaninsu shi ne a iya matse aiki a tsakiyar tebur inda kilam na gefe ba ya kaiwa. Amma injina ne ke huda waɗancan, da daidaiton da hannu ba zai kai ba. Idan ka ce za ka cika tebur mai ƙafa 4 da ƙafa 6 da ramuka a tazarar milimita 50, kana maganar ramuka sama da 800 ne, a tazarar milimita 100 kuma sun haura 200. Shawarata ita ce ka zaɓi milimita 16, tunda shi ne ake samun kayan matsi da suka dace da shi cikin sauƙi, kuma kana iya ƙera naka da sandar ƙarfe mai wannan kauri, ka yi tazarar milimita 100, ka huda kashi ɗaya cikin uku na teburin kawai. Idan ka yi wata shida kana aiki za ka san ko kana bukatar ƙari.

Injin huda na hannu ba zai ba ka rami a tsaye ba a irin wannan kauri, kuma idan bakinsa ya cije yana iya murɗe maka hannu. Ka nemi hayar injin huda mai maganaɗisu, wanda ke manne wa farantin, kuma milimita 12 ta isa maganaɗisun ya kama sosai. Ka tuna cewa maganaɗisun da lantarki yake aiki, saboda haka idan aka ɗauke wuta yana cikin huda zai saki nan take, abin da ya sa na fi son a yi wannan aikin da janareta mai ƙarfi maimakon a dogara da wutar layi. Ka fara yin jagora da guntun ƙarfe mai ramuka a jere waɗanda ka auna da kyau, ka riƙa zura ƙusa a ramin da ka gama don ta saita maka na gaba, domin awo da tef rami bayan rami yana tara kuskure. Kafin ka sa alama ko ɗaya, ka leƙa ƙasa ka zana inda firam ya bi, kada rami ya faɗo a kansa.

Bayis kuwa kada ka kafe shi a saman, domin ranar da za ka kwantar da babban aiki shi ne zai tokare maka. Ka yi waldar guntun sukwaya fayif mai milimita 60 da kaurin bango milimita 4 a jikin firam, a ƙarƙashin leɓe. Cikinsa zai zama milimita 52, wanda fayif mai milimita 50 zai shiga ya fita. Sai ka ɗora bayis a kan faranti mai irin wannan ƙafa, da bol ɗaya a gefe mai matsewa. Irin wannan guntun fayif guda biyu a ƙarshen teburin za su karɓi hannuwan ƙari, waɗanda za su tallafi ƙofa mai ƙafa 7 idan har ka rage teburin.

Akwai batun lantarki da ba a cika kula da shi ba. Ka yi waldar bol ɗaya a ƙasan farantin kansa, inda za ka riƙa kama wayar dawowar wutar walda, kada ka kama ta a ƙafa ko kusa da taya, domin wutar da ta bi ta cikin boris tana cinye shi. Kuma idan kana sha'awar maƙala soket na giranda a jikin teburin, ka sa shi a akwatin roba wanda ba ya haɗuwa da ƙarfen. Dalili shi ne, idan akwatin ƙarfe ne mai haɗe da siririyar wayar kariya ta gidan, ranar da babbar wayar dawowa ta saki, wutar walda mai amfiya sama da 100 tana iya bin wannan siririyar waya ta ƙone ta a cikin bango ba tare da ka sani ba. Ni na fi son soket ya zauna a bango.

Saman teburin kada a yi masa fenti, saboda wuta ba za ta ratsa zuwa aikin ba. Ɗan mai da aka shafa da tsumma aka goge sosai ya isa ya kare shi daga tsatsar damina, firam da ƙafafu kuwa a yi musu fenti. Kantar ƙasa ta zama ta ƙarfe, ba katako ba, kuma ka ɗora mata guntayen ƙarafa masu nauyi, waɗanda za su ƙara wa teburin zama, amma ban da injin walda, domin garin ƙarfe da ke zubowa ta ramukan da ka huda yana shiga fankar injin ya kashe shi. Ƙa'idar aikin wuta a Amurka tana neman a nisanta abin da ke kamawa da wuta ƙafa 35, kusan mita 11, daga inda ake walda, wanda ke nuna maka cewa a ɗaki mai mita 3 da 4 babu lungun da tartsatsi ba ya kaiwa. Jarkar fetur ta janareta da babur da katifa duk su bar ɗakin, ka ajiye abin kashe gobara da bokitin yashi kusa da ƙofa, ka buɗe taga a bangon da ke fuskantar ƙofar don hayaƙi ya samu hanya. Idan kuma ka turo teburin bakin ƙofa, ka kafa kariya ta kwano a ɓangaren tsakar gida, domin yara ba sa iya kawar da ido daga hasken walda, kuma ciwon idon sai cikin dare yake tashi.